Hutun mako guda a babban jirgin ruwa: ta ina mutumin Tawa zai fara?

Ɗan Adar, Tawa

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin tafiyar shaƙatawa a manyan jiragen ruwan nan masu yawo da fasinja daga gari zuwa gari a teku, ko kuma waɗanda suka san yadda ake shirya irin wannan tafiya daga nan Nijar. Mahaifinmu ya yi ritaya bayan doguwar hidima a aikin gwamnati, mu ƴaƴansa kuwa mun yanke shawarar mu haɗa kuɗi mu kai shi hutu tare da mahaifiyarmu, ni kuma in raka su domin ɗaukar kaya da cike takardu. Dukansu biyu sun riga sun sauke farali, saboda haka ba maganar Hajji ake yi ba. Tsohon ya daɗe yana faɗin cewa yana son ya kwana a kan teku kafin ƙarfinsa ya tafi, alhali ruwan da ya taɓa hawa bai wuce tabkin Tabalak da kwalekwalen kogin Yamai ba.

Na ga talla a intanet ta tafiyar kwana bakwai a Bahar Rum, ana tashi daga Barselona a zagaya Marsey da Jenowa da Roma da wasu tsibirai a dawo, farashin kuma bai kai yuro 700 ga mutum ɗaya ba, har an rubuta cewa da ɗaki da abinci duk suna ciki. Abin ya yi mini araha fiye da yadda na zata, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Shin wannan kuɗin ne ke nan gaba ɗaya, ko akwai wani abin da ke ɓoye? Kowace ƙasa da jirgin zai tsaya sai an nemi bizarta daban? Yaya ake yi da abinci da salla, tun da Baba ba mutumin da zai yi sakaci da waɗannan biyun ba ne? Sannan Inna tana fama da hawan jini, kuma ko a mota doguwar tafiya tana sa ta jiri, to ina ga teku? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Baban Nana, Yamai

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yi muku albarka da wannan niyya, ya ba ku ƴaƴan da za su yi muku fiye da haka. Na daɗe ina aikin yankan tikitin jirgin sama a nan Yamai, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne ka rufe hoton jirgin tukuna, ka buɗe maganar takardu. Bature yakan zaɓi jirgi sannan ya nemi hanyar zuwa tasha. Mai fasfon Nijar kuwa sai ya fara duba inda zai iya samun izinin shiga, daga nan ya zaɓi jirgin da ke bin wuraren. Wanda ya juya wannan tsari yakan biya kuɗin ɗaki ya zauna a gida, domin kamfanonin jiragen ruwa suna rubutawa ƙarara a sharuɗɗansu cewa biza nauyin fasinja ce, kuma wanda ya zo tasha babu cikakkun takardu ba za a bar shi ya hau ba, ba kuma za a mayar masa da kuɗinsa ba.

Hanyar da ka gani, wato Sifen da Faransa da Italiya, har da Malta idan tana ciki, duk ƙasashen yankin Shengen ne, biza ɗaya ta ishe su. Kuɗinta yuro 90 ne ga babban mutum tun daga watan Yunin 2024, kuma da yake yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai, ku ukun za ku biya wajen jika 177 kafin a ce an ba ku ko an hana ku, kuma ba a mayarwa. Dole ne a haɗa da inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai yuro 30,000, da shaidar ajiyar wuri a jirgin, da shaidar riƙe wuri a jirgin sama na zuwa da dawowa, da bayanin asusun banki, da abin da ke nuna cewa kuna da dalilin komowa gida, kamar takardar fanshon Baba da takardar wurin aikinka. Ana karɓar buƙata tun wata shida kafin tafiya, ƙa'idar amsa kwana 15 ce amma tana iya kai 45. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai an rufe shi tun farkon 2024, saboda haka hanyar da mutanenmu suka saba bi a da ta toshe. Ƙa'idar ita ce a nemi biza wajen ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, idan kwanakin sun yi daidai kuma wajen ƙasar da za a fara sauka. Sifen da Italiya duk suna da ofishin jakadanci a Yamai, ka tuntuɓe su tun kafin ka biya ko sisi, ka ji inda ake ajiye takardu da lokacin da ake samun ranar ganawa.

Ga wani tarko da ba kowa ke lura da shi ba. Idan jirgin zai leƙa wata tasha da ba ta cikin Shengen, kamar Tunis, ko Kotor ta ƙasar Montenegro, ko wani garin Turkiyya, to a doka kun fita daga yankin kun sake shigowa ke nan, ko da ba ku sauka daga jirgin ba. Mai bizar shiga sau ɗaya ba za a ɗauke shi a irin wannan tafiya ba, sai mai ta shiga sau da yawa. Ka karanta sunayen tashoshin ɗaya bayan ɗaya, ka kuma tabbata fasfon kowa yana da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa.

Batun kuɗi kuwa, hankalinka ya yi daidai da bai kwanta ba. Farashin da ake sa wa a talla na ɗakin ciki ne marar taga, a makon da ya fi araha, kuma bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki guda. Nan ne matsalarka take: kai na uku ne. Ko dai a sauke maka gadon sama a ɗakin Baba da Inna, abin da ni da kai mun san ba zai yiwu ba, ko kuma ka kama ɗaki kai kaɗai ka biya kusan kuɗin mutum biyu. Shawarata ita ce ka tafi da maiɗakinka ko ɗaya daga cikin ƙannenka maza, tun da kuɗin gadon ko ta yaya sai kun biya shi. Bayan wannan akwai kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane fasinja kowane dare, wanda a jiragen Bahar Rum irin na kamfanonin MSC da Costa yake wajen yuro 12 ga babba. Mutum uku a dare bakwai ya tashi yuro 252, wato kusan jika 165. Lemo da ruwan kwalba da kofi na musamman da intanet da wanki da yawon gari duk daban ake biyansu. Babban kashin ma shi ne jirgin sama daga Yamai, wanda sau da yawa yakan fi kuɗin jirgin ruwan kansa tsada. Air France ta daina zuwa tun watan Agustan 2023, yanzu sai ta Kasablanka da Royal Air Maroc, ko ta Istanbul da Turkish Airlines, ko wata hanyar da ke da sauyin jirgi. A lissafina, duk abin da ka gani a talla ka ninka shi uku, sannan ka san ko aljihunku zai ɗauka.

Kada ku sauka a garin da za a tashi ranar da za a tashi. Ku isa da kwana ɗaya aƙalla, ku kwana a otal kusa da tasha. Jirgin ruwa ba ya jiran kowa, kuma mai sauyin jirgin sama a hanya bai da tabbacin cewa shi da akwatinsa za su iso tare. Ga tsofaffi ma da za su fara da kusan kilomita 550 a mota daga Tawa ta Kwanni da Dogon Dutsi da Doso, sai ka ba su hutu a Yamai kafin su hau sama.

Hajiya Mai Lalle, Yamai

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Abin da Baban Nana ya faɗa duk haka yake, ni zan yi magana ne a kan zaman cikin jirgin, domin mun yi wannan zagayen na Bahar Rum da maigidana, kuma akwai abubuwan da namiji ba zai tuna ya gaya wa Innarku ba.

Da farko ta bar kaskon turarenta a gida. Duk abin da ke kama wuta ko yake yin zafi an hana shiga da shi: turaren wuta, kyandir, dutsen guga, butar dafa ruwa ta lantarki. Ana haska akwatuna kamar a filin jirgin sama, kuma wata baiwar Allah da muka hau tare sai da aka kira ta ƙasa aka buɗe jakarta aka karɓe kaskonta na lantarki, ba ta sake ganinsa ba sai ranar sauka. Humra da turaren fesawa babu mai hana su. Haka kuma kada ku yi guzurin kilishi ko cuku, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga waje, a filin jirgin sama za a karɓe, wani lokaci har da tara. Yaji kuwa a ƙulla shi da kyau a tafi da shi, domin abincinsu ba ya jin barkono, kuma ranar da ta uku ta zagayo za ku gode mini. Abin da ya fi kome muhimmanci shi ne buta ƴar ƙarama ta roba. Banɗakin jirgi matsattse ne, babu bututun tsarki, masai ɗin kuma da iska yake zuƙa, da ƙara mai firgitarwa idan mutum bai saba ba. Ka gaya wa tsofaffin tun da wuri, ka kuma gaya musu kada a jefa kome a ciki ban da takardar da aka ajiye, domin idan ya toshe yakan shafi ɗakunan maƙwabta.

Abinci kam yana da yawa har ya yi yawa. Akwai babban zaure a saman jirgi inda kowa ke ɗiba da kansa kusan duk yini, da ruwan sha da shayi kyauta a na'ura, akwai kuma ɗakin cin abinci na zama inda ake ba ku teburi da lokaci da ma'aikacin da zai riƙa yi muku hidima kowane dare. Na fi son na zaman ga tsofaffi, domin babu turereniya, kuma mutum ɗaya ne zai san ku ya riƙe abin da ba ku ci. Mu tun daren farko muka gaya wa namu cewa ba mu cin alade, ba mu son abin da aka dafa da giya, daga nan kullum sai ya kawo mana takardar abincin gobe mu duba tun yau. Wannan tambayar ta giya kada a yi wasa da ita, domin Italiyawa da Faransawa suna zuba ta a miya da shinkafa da kayan zaƙi ba tare da sun ɗauke ta wani abu ba. Wasu jiragen suna tanadar naman halal idan an nema tun lokacin ajiyar wuri, makonni kafin tafiya, amma ba a kowace hanya ba, sai ka sa a rubuto maka amsa. Mu kifi da ƙwai da taliya da ganye da ƴaƴan itace muka riƙe, kuma ba mu rame ba. Yawancin ma'aikatan ƴan Indonesiya ne da Filifin da Indiya, a cikinsu akwai Musulmi da dama, idan ka yi musu sallama za ka ga yadda fuskarsu ke sakewa.

Game da ɗaki, idan kuɗin zai kai, ku kama wa iyayen mai baranda, ku matasa ku shiga na ciki. Ɗakin ciki ba a sanin dare ba a sanin rana, ga wanda ya saba tashi da asuba ya ga gari yana wayewa kuwa abin yana da takura. Barandar kuma ita ce mafakar Inna daga abin da ba za ta so gani ba, domin gaskiya a bakin wurin ninƙaya mutane kusan tsirara suke, kiɗa na tashi, ana shaye-shaye, gidan caca kuma yana tsakiyar jirgi a kan hanya. Ba wanda zai tilasta muku zuwa, jirgin kuma unguwa guda ne mai hawa fiye da goma, mutum na iya kwana bakwai bai bi ta can ba idan ya koyi hanyarsa. Ni abin da ya fi burge ni shi ne shiga tasha da sassafe. Bayan sallar asuba sai in ɗauki mayafi mai kauri in zauna, in ga ƙaramin jirgi ya matso gefenmu da gudu, wani mutum ya kama tsani ya hau, shi ne jagoran da ya san ruwan wannan tashar, zai taimaki kaftin ya shigar da mu. A Malta kuwa ganuwar birnin Baleta ce mai launin ƙasa ke tasowa dama da hagu har kamar ka miƙa hannu. Wanda ya yi barci ya wuce wannan lokacin ya yi asarar rabin kuɗinsa.

Idan an sauka yawo, a duba lokacin da aka rubuta a bakin ƙofa na komowa, wanda yawanci rabin awa ne kafin tashi, a kuma bi agogon jirgi. Waɗanda suka fita da motar kamfanin jirgin ana jiransu idan sun makara, waɗanda suka fita da kansu ba a jiransu. Tashar da ake cewa Roma ba Roma ba ce, Cibitabekiya ce, tsakaninsu wajen kilomita 80, saboda haka ranar nan ku biya motar kamfanin ko da ta fi tsada. A Barselona ko Marsey kuwa kuna iya fita da kanku, kuma ba dole ba ne a sauka a kowane gari; ranar da kowa ya fita jirgin ya zama naku.

Malamin Makaranta, Tawa

Malam Ɗan Adar, Allah ya karɓi wannan biyayya. A kan salla, malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin hukuncin mai tafiya a jirgin ruwa tun da daɗewa: farilla a tsaye ake yin ta ana fuskantar alƙibla muddin mutum zai iya, idan jirgin ya juya shi ma ya juya gwargwadon iko, zama kuwa sai ga wanda tsayuwa ta gagara saboda jiri ko tangaɗin ruwa. Waɗannan manyan jiragen ba su cika girgiza ba, tsayuwa ba za ta yi wuya ba. Ƙasaru ta halatta tun da tafiyar ta wuce nisan da aka ƙayyade kuma ba a yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ɗaya ba, amma rangwamen haɗa salloli biyu saboda tafiya, a mazhabarmu, an keɓe shi ga tafiyar tudu. Baba ya zauna da malaminsa kafin tashi ya ji dalla-dalla. Alƙibla kuma kada a auna ta da abin da aka saba a gida: mu a nan gabas muke kallo da ɗan karkata arewa, a Barselona gabas ce mai karkata kudu, a Dubai kuwa yamma ce. Kamfas yakan rikice saboda ƙarfen jirgi, amma talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna taswira da inda jirgin ya sa gaba, da ita ake kwatantawa. Lokutan salla ma suna sauyawa kullum, a duba na garin da aka fi kusa da shi.

Sai dai ni ban ga dalilin da zai sa a nace wa Turai ba. Saudiyya tana da kamfaninta mai suna AROYA, wanda jirginsa ya fara ɗaukar fasinja daga Jidda a watan Disamban 2024, aka kuma tsara shi domin iyalan Musulmi: abincin halal ne, akwai wuraren salla, kuma ya fara aiki babu giya babu gidan caca. Ya yi zagayen Bahar Maliya zuwa Sharm el-Shek ta Masar da Akaba ta Jodan, da bazarar 2025 kuma ya koma tashi daga Istanbul. Hanyar Jidda mutanenmu sun san ta, ana iya haɗa tafiyar da Umra, kuma duk abin da Hajiya ta lissafa na kauce wa wannan da tambayar wancan ya ragu. Akwai kuma jiragen da ke zagaya Dubai da Abu Dabi da Doha a lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Maris. Abin dubawa a nan shi ne bizar da ke ba da damar fita a sake shiga, da kuma halin tsaro a yankin, domin tun ƙarshen 2023 hare-haren da aka riƙa kai wa jiragen ruwa a kudancin Bahar Maliya sun sa kamfanoni da yawa sun soke tafiye-tafiye ko sun sauya hanya.

Ma'aikaciyar Jinya, Yamai

Yayana, bari in amsa maganar Inna. Jirin teku yana zuwa ne idan abin da kunnen ciki ke ji na motsi ya saɓa da abin da ido ke gani, shi ya sa kwanciya a rufaffen ɗaki ana kallon waya ke ƙara shi, fita a sha iska ana kallon inda ruwa ya haɗu da sama kuma ke rage shi. A nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, domin goshi da wutsiya da can sama su suka fi lilo. Manyan jiragen suna da fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, yawancin kwanaki ba za ta san ana tafiya ba, sai dai mashigin da ke tsakanin Barselona da Marsey yana da iska mai ƙarfi da kan tayar da ruwa, musamman da sanyi. Citta tana taimakawa, haka cin abinci kaɗan-kaɗan marar maiƙo. Magungunan jiri suna sa barci da bushewar baki, wanda ake mannawa a bayan kunne kuma bai dace da mai hawan ruwan ido ba, yana iya rikita tsoho ko ya riƙe masa fitsari, saboda haka likitan da ke duba ta ne zai zaɓa mata, ba mai kanti ba.

Maganin hawan jininta ya kasance a jakar hannu, cikin kwalinsa na asali, da takardar likita, da ƙarin na mako guda. Idan kun zaɓi Dubai, ku sani suna da tsanani ƙwarai a kan magunguna irin su tramadol da kodin. Ku ɗauki katin rigakafin cutar shawara, wanda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Akwai ƙaramin asibiti a jirgin da likita, amma na kuɗi ne kuma da tsada, shi ya sa inshorar ta zama wadda ta ambaci tafiyar jirgin ruwa da ɗauko majiyyaci daga teku, ta kuma amince da ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya. Abu biyu na ƙarshe. Cutar amai da gudawa tana yaɗuwa da sauri a inda dubban mutane ke taɓa cokalin ɗiba ɗaya, kuma wanke hannu da ruwa da sabulu ya fi man shafawar nan na kashe ƙwayoyin cuta ƙarfi a kanta. Sannan duk wanda zazzaɓi ya kama a cikinku, ku gaya wa likitan nan take cewa daga ƙasar da ake fama da cizon sauro kuka fito, domin cutar na iya ɓoyewa mako ɗaya zuwa huɗu kafin ta bayyana, shi kuwa ba ita zai fara tunani ba. Idan kuma maiɗakinka ce za ta bi ku, yawancin kamfanoni ba su ɗaukar mai cikin da ya shiga mako na 24.

Ɗan Adar, Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Baba duka, maganar Jidda ta shiga ransa, Inna kuwa barandar Hajiya ta riƙe. Mun tsayar da cewa ƙanena zai bi mu, mu raba ɗaki ni da shi. Yaya Baban Nana, saura tambaya biyu: idan Turai ɗin ce, wane wata ya fi, kuma yaya ake biyan kuɗi a cikin jirgin, tun da katin bankina ban taɓa amfani da shi a waje ba?

Baban Nana, Yamai

Idan Bahar Rum ce, ka nemi Mayu zuwa farkon Yuni, ko Satumba zuwa farkon Oktoba. Yuli da Agusta lokacin hutun makarantunsu ne, farashi na sama, jirgi cike da yara, garuruwan kuma cunkushe. Daga Nuwamba zuwa Maris akwai araha, amma ruwan ya fi tashi, sanyin kuma ba irin na hunturunmu ba ne da rana ke kora da hantsi. Ko a watan Mayu ma ku ɗauki rigunan sanyi, saman jirgi da dare iska ce. Ka kuma duba kalanda kada tafiyar ta faɗa cikin azumi.

A cikin jirgi ba a taɓa tsabar kuɗi. Ranar hawa za a ba kowa kati guda, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga a kowace tasha, da shi kuma ake sayen kome, a tara bashin a cire a ƙarshe. Ana ɗaura shi a kan katin banki, ko kuma a ajiye tsabar yuro a matsayin jingina, abin da ya rage a mayar. Idan katin banki ne, ya zama Visa ko Mastercard da aka buɗe wa aiki a ƙasashen waje, ka je bankinka da kanka ka gaya musu ranakun tafiya ka nemi a ɗaga iyakar abin da za ka iya kashewa, ka kuma sani cewa jirgin zai riƙe wani adadi a asusunka wanda kan ɗauki kwanaki kafin ya sake. Ni na fi natsuwa da jinginar tsabar kuɗi ga tsofaffi, domin abin da aka ajiye shi ne iyaka. Mai shiga Turai da yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana wa kwastan. Ka riƙa duba lissafin a talabijin ɗin ɗaki kowane dare, gyaran kuskure ya fi sauƙi kafin safiyar sauka da layi ke kai wa bakin ƙofa.

Wayoyinku kuma, da zarar an saki igiya ku kashe musu layin kira da na data. Idan jirgi ya yi nisa da gaɓa, waya takan kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin da kanta, kuɗinsa kuma yana cinye abin da ke cikin layi cikin mintoci, ko da saƙonnin WhatsApp ne kawai ke shigowa. Ku sayi intanet ɗin jirgin a waya ɗaya, ko ku jira sai an tsaya a tasha.

Kafin jirgin ya tashi, ko da zarar ya tashi, za a yi atisayen ceto, kuma dole ne kowa ya halarta, a nuna masa yadda ake sa rigar ceto da wurin da zai taru da rukuninsa idan an busa ƙaho gajere sau bakwai da dogo ɗaya. An tsananta wannan doka ne bayan jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya a watan Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, alhali ɗaruruwan waɗanda suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisayen ba. Ka bi da Baba da Inna daga ƙofar ɗakinsu har wurin taruwar ta matakala, ba ta lif ba, domin su san hanyar da ƙafarsu. Idan matakalar za ta yi wa Inna wuya, ka sanar da ofishin karɓar baƙi tun ranar farko, za su rubuta lambar ɗakin cikin waɗanda ake aika wa ma'aikaci ya taimaka.

Ko Jidda kuka zaɓa ko Barselona, ka nemi tsarin da ake biyan kafin alƙalami kaɗan a biya sauran daga baya, ka karanta ranar da sokewa ke fara cin kuɗi, ka lissafa baya daga wannan ranar ka ga ko amsar biza za ta riga ta fitowa. Tikitin jirgin sama kuma a riƙe muku wuri kawai, kada a yanke shi sai fasfo huɗun sun dawo hannunka da biza a ciki.